Yadda Ake Sa Na'ura Ta Rubuta Kai Tsaye Cikin Bafar Manhaja Ta Hanyar DMA a Linux

DMA ita ce hanyar da na'ura ke rubutawa ko karantawa kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ba tare da CPU ya yi kwafin ba. Duk sabon mai rubuta direba (shirin da ke sarrafa na'ura a cikin kanel, wato zuciyar Linux) da na gani, a wuri ɗaya yake fara tuntuɓe. Manhaja ta miƙo masa adireshin bafarta, wato yankin ƙwaƙwalwar da ta ware don karɓar bayanai, ta kiran ioctl, shi kuma ya jefa adireshin cikin virt_to_phys, ya ba na'ura abin da ya fito. Wannan adireshi na manhaja ne ita kaɗai, kanel na iya ɗauke shafin ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashinsa ya kai wani wuri duk lokacin da ya ga dama, na'ura kuwa ba ruwanta, inda aka nuna mata nan za ta zuba.

Kafin mu yi nisa, in har kai ke da ikon canza manhajar, ka ware ƙwaƙwalwa a cikin direba da dma_alloc_coherent, ka ba manhaja ta dma_mmap_coherent, ka huta. Abin da ke ƙasa na wanda dole sai a cikin bafar da manhaja ta kawo ne za a rubuta.

Da farko ka gaya wa kanel iyakar adireshin da na'urarka ke iya kaiwa, tun a probe, wato lokacin da direba ya fara haɗuwa da na'urar, da dma_set_mask_and_coherent. In ka bar ta a bit 32 alhali tana iya 64, kanel na iya riƙa kwafe bayananka a ɓoye ta bafarsa ta wucin gadi mai suna swiotlb, wadda a al'ada megabait 64 ce kacal. Ka ga an dawo ga kwafin da kake gudu.

Sai ƙirga shafuka. A x86 shafi bait 4096 ne, amma bafar manhaja ba lallai ta fara daga bakin shafi ba. Bafa mai bait 8192 da ta fara a bait na 100 cikin shafi, shafi uku ta taɓa, ba biyu ba. Ka haɗa offset_in_page da tsawon bafar kafin ka raba. Ni dai direbana ba ya karɓar bafar da ba ta fara daga bakin shafi ba, sai ya mayar da EINVAL, mai manhaja ya je ya yi amfani da posix_memalign. A kan wasu injinan ARM, inda kash, wato ƙaramar ma'ajiyar CPU mai sauri, ba ya ganin abin da na'ura ta rubuta, bafar da ta raba layin kash da wani abu takan lalace shiru.

Daga nan ka ƙulle shafukan da pin_user_pages_fast. Tsofaffin darussa za su ce get_user_pages, amma tun Linux 5.6 a 2020 dangin pin ne aka tanada don DMA. In na'ura ce za ta rubuta, ka sa FOLL_WRITE. In bafar za ta daɗe a hannunka, ba aiki ɗaya a sake ta ba, ka ƙara FOLL_LONGTERM. Kuma ka duba adadin da ya dawo, don yana iya ƙulle ƙasa da abin da ka nema ba tare da ya ce kuskure ba.

Yanzu ga inda na sha wuya. Shafukan nan a warwatse suke cikin RAM, don haka sai ka jera su da sg_alloc_table_from_pages, sannan ka kira dma_map_sgtable da DMA_FROM_DEVICE. Bayan wannan kiran, teburin yana ɗauke da lamba biyu: orig_nents, adadin guntayen da ka bayar, da nents, adadin da na'ura za ta gani. A injin da na yi gwaji babu IOMMU, wato sashen da ke fassara wa na'urori adireshin ƙwaƙwalwa, lambobin biyu kullum ɗaya suke, sai na zagaya da orig_nents ina cika jerin umarnin na'ura, komai lafiya lau har tsawon makonni. Ranar da aka ɗora direban a injin da IOMMU ke kunne, na'ura ta tsaya cak, babu katsewa (interrupt), babu saƙon kuskure, dmesg mai nuna saƙonnin kanel tsit. Kwana biyu ina zargin katin na'urar. Ashe IOMMU yana haɗe guntayen su zama adireshi mai jere: bafar megabait ɗaya, shafi 256, ta koma guntu 16 masu kilobait 64 kowanne, don ban taɓa dma_set_max_seg_size ba. Sauran guntayen da na ci gaba da karantawa tsawonsu sifili ne, ni kuwa ina ta miƙa wa na'ura umarnin wofi tana shaƙewa.

Saboda haka ka zagaya da for_each_sgtable_dma_sg, ka ɗauki adireshi daga sg_dma_address, tsawo daga sg_dma_len. Kada ka taɓa sg->length ko sg_phys a wannan zagayen, ko da ka ga suna ba da amsa daidai a injinka. In kana kan tsohon dma_map_sg, ka riƙe wannan: lambar da ya dawo da ita ta zagaye ce, amma wadda za ka ba dma_unmap_sg ita ce ta asali da ka shigar. Kunna CONFIG_DMA_API_DEBUG tun ranar farko, yana rage gudu amma shi zai kama maka irin wannan rashin daidaito wajen sakewa.

Sauran aikin tsari ne kawai, kada ka juya shi. Na'ura ta gama, ka kira dma_unmap_sgtable, sai sg_free_table, sai unpin_user_pages_dirty_lock da alamar cewa an rubuta a shafukan, in ba haka ba kanel na iya zubar da bayanan yana zaton ba abin da ya canza. In za ka sake amfani da bafar ba tare da ka sake ta ba, dma_sync_sgtable_for_cpu kafin manhaja ta karanta, dma_sync_sgtable_for_device kafin ka mayar wa na'ura. A cikin release kuma, wanda ake kira in manhaja ta rufe na'urar, tun da ana iya kashe manhaja da Ctrl+C ana tsakiyar aiki, ka tsayar da injin DMA na na'urar, ka jira rajistar na'urar ta tabbatar ya tsaya kafin ka saki shafi ko ɗaya.