Kurakuran da na gaji da gyarawa game da duniyoyin da ke kewaya Rana

Duk shekara sababbin ɗalibai suna shigowa ajina da kurakurai iri ɗaya, kuma yawancinsu a bakin manya suka ɗebo su.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Pluto. Har yau akwai masu cewa duniyoyi tara ne, in ka ce takwas sai su tambaye ka ko Pluto ta tarwatse. Tana nan daram, kumbon New Horizons ma ya wuce ta kusa da ita a 2015 ya ɗauko hotunanta. Abin da ya faru shi ne a 2005 an gano Eris, wata mai kewaya Rana can nesa, wadda ta kusa kai girman Pluto kuma ta fi ta nauyi. Ya zama dole ko a yi ta ƙara adadi, ko a shata iyaka. A Agustan 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta zauna a Prague ta gindaya sharuɗɗa uku da kowace duniya za ta cika: ta kewaya Rana, nauyinta ya isa ya mulmule ta, sannan ta fi ƙarfin duk abin da ke kan hanyarta. A na ukun Pluto ta faɗi, domin cikin tarin ƙanƙarar yankin Kuiper, can bayan Neptune, take yawo, sai aka mayar da ita sahun ƙananan duniyoyi. Haka aka taɓa sauke Ceres, da ke tsakanin Mars da Jupiter, daga sahun duniyoyi; masanin taurari Piazzi ne ya gano ta a 1801.

Wannan ya taɓa jawo mana asara. Yarana sun kai zagayen ƙarshe a gasar kacici-kacici, aka tambayi adadin duniyoyi, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari ta ce tara, saboda tsohon littafin da ke ɗakin karatu haka ya ce. Da kuka ta dawo. Malamai, ku ji tsoron Allah ku riƙa duba shekarar da aka buga littafi kafin ku miƙa wa yaro! Ni yanzu na hana haddar adadi sai an iya sharuɗɗan nan uku.

Na biyu, cewa duniyoyi ɓallewa suka yi daga jikin Rana. Ba haka ba ne. Kimanin shekaru biliyan 4.6 da suka wuce wani gajimaren iska da ƙura ya ruguzo cikin kansa yana juyawa, tsakiyarsa ta zama Rana, ragowar ya baje kamar faifai. Ƙura ta riƙa mannewa har ta zama duwatsu, duwatsu suka yi ta karo suna haɗewa. Kusa da Rana zafi bai bar komai ba sai dutse da ƙarfe, shi ya sa Mercury, Venus, duniyarmu da Mars suke ƙanana masu tauri. Can nesa ruwa ya daskare, kayan gini suka yawaita, Jupiter da Saturn suka yi ƙibar da ta ba su damar zuƙe iskar haidurojin. Kafin in ambaci sunan ko da duniya ɗaya, faifan nan nake zanawa a allo in ja layin ƙanƙara, wato inda ruwa ya fara daskarewa, rabe-raben sai su fito da kansu.

Sauran a taƙaice. Zara matar wata ba tauraruwa ba ce, Venus ce, kuma ita ce Gamzaki na asuba. Ita ce ta fi zafi, ba Mercury ba. Uranus da Neptune ajinsu daban, manyan ƙanƙara ake kiransu. Zobe ba na Saturn kaɗai ba ne, manyan huɗun, Jupiter, Saturn, Uranus da Neptune, duk suna da shi. Duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupiter ba gutsattsarin wata duniya da ta fashe ba ne, janyowar Jupiter ce ta hana su haɗuwa.

Kada kuma a koya wa yara cewa yadda duniyoyin Ranarmu suka jeru doka ce. A 1995 masana taurari Mayor da Queloz sun gano wata ƙatuwar duniyar iska tana kewaye tauraronta, 51 Pegasi, cikin kwana huɗu kacal, wato dab da shi take. Masana suna ganin nesa aka haife ta, daga baya ta matso.