Yadda ake saita eriyar waya ta rediyo mai shigar wuta ta baki guda

Wayar da tsawonta ya kai rabin zango, wato rabin tsawon igiyar siginar rediyo, tana da turjiya mai yawa a bakinta, om 2,000 zuwa 4,000, rediyo kuwa om 50 yake so. Taransifoma mai 49:1 ce ke sulhunta su. Ana naɗa ta a zoben ferrite (zoben da ake naɗa waya a kansa) samfurin FT240-43: zagaye 2 a shiga, 14 a fita. Ninki bakwai ke nan a zagaye, a turjiya kuwa bakwai sau bakwai 49. Sa kafasita mai 100 pF, wadda ke jure wuta mai ƙarfi, a ɓangaren shiga, don SWR, wato awon rashin daidaito tsakanin eriya da rediyo, ya sauka a 21 da 28 MHz.

Kafin ka ɗaura waya, gwada taransifomar ita kaɗai. Haɗa rezisto mai kusan om 2,450 tsakanin mafita da mahaɗin ƙasa (ground), ka duba da NanoVNA, ƙaramar na'urar auna eriya. In SWR ya haura 2 a 7 MHz, laifin naɗi ne, yankan waya ba zai gyara shi ba.

Tsawon waya a mita shi ne 143 a raba da firikwensi a MHz. A 7.1 MHz ya kama mita 20.1, amma yanke 21. Ɗaga ta daidai inda za ta zauna sannan ka auna, domin kusancin ƙasa da rassan bishiya suna karkatar da awon. In ramin SWR, wato firikwensin da SWR ya fi sauka, ya faɗo ƙasa da inda kake so, wayar ta yi tsawo. Lanƙwasa bakin ka naɗe shi a jikinta, kada ka yi saurin sa almakashi. Santimita 20 na matsar da ramin kusan 70 kHz. Bayan kowane gyara leƙa 14 MHz, don ramin 14 ba ya faɗuwa daidai ninki biyu na ramin 7, sai an raba bambancin.

In awo na canzawa da zarar ka taɓa kebul, ko makirufo na cizon leɓe da wuta, wuta ce ke dawowa ta bayan koks, wato kebul ɗin da ya haɗa rediyo da taransifoma. Ƙara guntuwar waya mita 2 a mahaɗin ƙasa na taransifoma, ka yi shaƙe, wato naɗin da ke tare wutar, da zagaye 12 na koks RG-58 a wani zoben.

SWR da ke hawa a hankali ana cikin aikawa, musamman a FT8 (salon aika saƙo ta kwamfuta), zobe ne ya yi zafi: rage wuta ko ka haɗa zobe biyu. Bakin wayar kuma, a wat 100, yana ɗauke da kusan bolt 500, a nisanta shi da hannu.