Yadda ake gane tsohuwar jitar bes mai kogon ciki kafin a zuba mata kuɗi

Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko goge ya san cewa ƙwaryar ce ke ba tsirkiya murya. Jitar bes (wato jita mai kaurin murya) ta lantarki mai kogon ciki ma haka take, sai dai ita da siraran katako aka yi nata kogon. An fi ƙera irinta daga wajen 1955 zuwa farkon shekarun 1970, kuma yau ta asali tana tsada, shi ya sa jabu da haɗe-haɗe suka yi yawa. Idan wata ta faɗo hannunka cikin kayan gwanjo, ka ajiye sunan da ke rubuce a kanta sai daga ƙarshe, domin shi ya fi komai sauƙin canzawa.

Mataki na 1: Ɗaga ta, ka ƙwanƙwasa

Mai cikakken kogo ba ta da nauyi. Höfner 500/1 ta Jamus, mai siffar gogen Turawa, wadda aka fara nunawa a baje kolin Frankfurt a 1956, ba ta cika wuce kilo biyu da rabi ba, alhali Fender Precision mai dunƙulen katako tana kusan kilo huɗu. Sai ka ƙwanƙwasa fuskarta da gaɓar yatsa daga gefe zuwa tsakiya. In amon ya ci gaba kamar na ganga, kogo ne zalla, irin na Höfner ko Fender Coronado ta 1966. In ya mutu a tsakiya, akwai gungumen katako a ciki, irin na Gibson EB-2 wadda ta fito a 1958. An sa gungumen ne don hana jitar yin kuwwa idan aka ƙure amfilifaya.

Mataki na 2: Auna tsawon tsirkiya

Ka auna daga inda tsirkiya ta bar kai zuwa ƙarfe na 12 cikin siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya, ka ninka biyu. Yawancinsu gajeru ne: Höfner inci 30, EB-2 inci 30 da rabi. Precision kuwa inci 34 ce. Wanda ya nuna maka "EB-2" mai inci 34, ka yi masa sallama.

Mataki na 3: Leƙa ciki

Nan aikin yake. Ka nemi ƙaramar tocila da madubi irin na likitan haƙori. Gibson na shekarun 1960 suna da takarda ruwan lemo mai siffar ƙwai manne a ciki, ana hango ta ta hudar da ke fuskar jitar, ɗauke da sunan samfurin da lambarsa da sunan garin Kalamazoo na jihar Michigan. Epiphone Rivoli, wadda ta fito a 1959, a wannan masana'antar aka ƙera ta, kusan tagwaye suke da EB-2, domin Gibson ta sayi Epiphone tun 1957. Daga 1970 aikin Epiphone ya koma Japan.

Kada ka jingina da lambar kaɗai. A shekarun 1960 Gibson ta riƙa maimaita lambobi, har lamba ɗaya ta iya nuna shekaru daban-daban. Abin da ya fi gaskiya shi ne bayan 'yan gwangwanayen da ke ƙarƙashin maɓallan ƙara murya. A jitocin Amurka akwai lamba a buge a jikinsu. Ukun farko na kamfanin da ya ƙera su ne: 137 CTS ke nan, 134 Centralab, 304 Stackpole. Saura kuma shekara da mako. Misali 1376512 na nufin CTS, shekarar 1965, mako na 12. Jitar ba za ta girmi wannan kwanan wata ba, sai fa in an taɓa canza kayan, kuma dalma za ta tona asirin hakan: tsohuwar dalma ta dushe ta yi toka-toka, sabuwa tana ƙyalli.

Höfner 500/1 ba ta da huda a fuska. Sai an kwance sukurorin allon maɓallanta a ɗaga a hankali. Da yawa daga cikin tsofaffinta ba su da lamba ko kaɗan, don haka rashin lamba ba laifi ba ne a wurinta.

Mataki na 4: Duba wuya da bayan kai

Wuyan Gibson da na Höfner da gam aka haɗa su da jiki. In ka juya ka ga farantin ƙarfe da sukurori huɗu a bayan mai siffar Höfner, to kwaikwayo ce, galibi aikin Japan na wancan zamanin. Coronado ce ta asali da ke zuwa da sukurori, don kuwa haka Fender ke yi. Ni dai ban raina na Japan ba. Waɗanda suka fito daga masana'antar Matsumoku suna kaɗuwa da daɗi. A saye su a farashinsu kawai.

A bayan kan Gibson, tambarin da ke cewa a Amurka aka yi ya zama ƙa'ida ne daga 1970. A nan kuma take yawan karyewa. Shafa wurin da yatsa, ka duba ko fentin ya fi na sauran jiki duhu.

Mataki na 5: Fikof, sannan kunne

Wurin da aka dasa fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, yana nuna zamani. Höfner da Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ya saya a Hambug a 1961, wadda aka sace a Landan a 1972 aka sanar da dawowarta hannunsa a 2024, fikof ɗinta biyu a matse suke kusa da wuya. A tasa ta 1963 an raba su, ɗaya ya koma kusa da jaki, wato abin da ke tallafe tsirkiya a kan fuskar jitar. EB-2 kuma ƙaton fikof ɗaya gare ta a gindin wuya, sai a 1966 aka fito da mai biyu.

Fara kaɗa ta ba tare da wuta ba. Mai lafiya za ka ji tana kaɗa maka ciki. Sannan ka jona. Kada ka nemi tsinin murya ko dogon amo a wurinta. Muryarta mai kauri ce, ta buga dum ta lafa, kamar babban bes ɗin da ake kaɗawa a tsaye, musamman in an ɗaura mata tsirkiya mai santsi. Wasu na cewa sautin EB-2 ya cika laka. A kunnena wannan lakar ce daɗinta.

Mataki na 6: In ta zama taka

Hunturunmu abokin gabarta ne. Siraran katako sun fi son danshi kusan kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar Disamba da Janairu kuwa takan faɗo ƙasa da haka nesa, sai fuska ta tsage ko gam ya saki. Ajiye ta cikin akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso a robar sabulu mai huji, ka riƙa jiƙa shi in ya bushe, kada kuma ka bar ta a but ɗin mota. Ranar canza tsirkiya, cire ɗaya ka mayar kafin ka taɓa ta gaba: jakin Höfner ba a manne yake ba, tsirkiyoyin ne ke danne shi, in ka kwance huɗun lokaci ɗaya zai zame, ka wuni kana neman gurbinsa.