Yadda za ka zaɓi kafireta ko injekta idan za ka sauya wa mota inji

Kafin ka taka kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna neman inji, fara duba inda motar ke neman abincinta. Idan tsohuwar Hiace ce mai bin kasuwannin ƙauye, inda makanike ɗaya ne a garin, ka tsaya kan kafireta, wadda ke haɗa mai da iska ba tare da kwamfuta ba, irin ta injin 3Y ko 1RZ. Ko ta toshe a hanya, a kwance a wanke a mayar, ku ci gaba da tafiya. Amma motar cikin gari, tun da aka cire tallafin mai a 2023, ni dai ban ga dalilin ɗora mata kafireta ba. Injekta, wadda kwamfuta ke auna mata man da za ta fesa wa inji, ta fi tsimin mai, kuma da asubar hunturu ba sai an ja cok ana lallashinta ba.

Sai ka leƙa injin da kansa, ka ga ko yana da distributa, wato abin da ke raba wa filogogi wuta. Irin injin 2TR-FE ba shi da ita, kowane filogi da kwayil ɗinsa, birenbos, wato kwamfutar injin, shi ne ke raba wuta. Duk wanda ya ce zai cire maka injekta ya ɗora kafireta a kan wannan, ka riƙe kuɗinka.

Wajen saye ne yawancin mutane ke kwaɓa. Mutum ya ga inji ɗan Baljiyam tas-tas, farashi ya yi masa daɗi, ya biya, sai an kai gareji a tarar an datse wayoyin daga gindi, kowace jela na reto. Araha dai ba ta ado. Injin injekta ba a sayensa tsirara. Dole a haɗa maka da wayarin ɗinsa cikakke har soket, da birenbos ɗin da suka zo tare, da sensar kirankishaf, ta iska, ta zafin ruwa da ta salansa. Idan injin mai makullin tsaro ne, wanda ba ya tashi sai birenbos ya gane makullin, ka karɓi makullin da zoben da ke karanta shi, in ba haka ba injin zai yi ta juyawa har batir ya mutu bai tashi ba. Daga nan rewaya zai fara lalube da tef da fitilar gwaji, kai kuma kana zaryar sayen birenbos na biyu da na uku, kuɗin da ka rage a kasuwa ya fita har da riba. Ka ce a tayar maka da shi a ƙasa, kana tsaye, kafin ka ƙirga ko sisi. Mai kayan da ya ƙi, ka wuce shago na gaba.

Batun mai kuma, kafireta na aiki da ƙarfin turo mai da bai wuce psi 4 zuwa 7 ba (psi shi ne ma'aunin ƙarfin), injekta kuwa tana neman wajen 40 ko fiye. Don haka idan daga kafireta za ka koma injekta, famfon mai, tiyo da filta duk sai an sauya, a kuma ja layin da ke mayar da rarar mai tanki idan injin na buƙata. Wanda ya koma kafireta ya bar famfon injekta, mai zai yi ambaliya kan inji mai zafi, gobara ke nan. Tankin ma a sauke a wanke, don datti kaɗan ke toshe nozul, wato bakin da ke fesa mai.

Sauran aikin sananne ne. A daidaita kujerun inji da giya, a ɗaure wayar at (ta negatif) da kyau a jikin bodi, idan injekta ce a huda salansa a sa sensa. In an tayar, a sa kwamfuta a duba ko akwai lambar matsala kafin ka ɗauki fasinja.