Yadda Ake Gyara Daftarin Littafin Almara Idan Duniyarsa Ta Ƙi Tsayuwa

Da na gama rubuta littafina na almara, labarin wani birni na bakin gulbi da aljanun ruwa ke iko da shi, na ɗauka aiki ya ƙare. Wata yamma a tsakar gidanmu nan Argungu na zauna ina karanta wa Gwaggo babin farko, tana tsintar shinkafa a faifai. Ta saurara har shafi na goma, sannan ta ɗago ta ce, "Kai ɗan ga, mutanen garin ga naka mi suka ci? Ban ji gona ba, ban ji kasuwa ba, sai takobi da aljani." Tambayar nan ce ta maida ni kan daftarin, kuma hanyar da na bi ke nan zan shimfiɗa maka.

Da farko ajiye rubutun, ka yi mako uku ko wata guda ba ka leƙa shi ba. In ka dawo, ka buga shi a takarda idan da hali, don karatun waya yana sa ido tsallake. Ka karanta daga farko har ƙarshe da littafin rubutu a gefe, kada ka gyara ko harafi ɗaya. Aikinka a wannan zagayen shi ne rubuta duk abin da labarin ya faɗa game da duniyarsa, da lambar shafin: sunan gari, nisan tafiya, shekarun mutum, wanda ya haifi wane.

Na biyu, zana taswira, ko da ta fensir ce. A nawa daftarin jarumin ya yi kwana bakwai a kan jaki kafin ya isa dutsen bokaye a babi na 3, amma a babi na 19 ya je ya dawo tsakanin azahar da la'asar. Ka auna da ƙasar da ka sani. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kusan kilomita 50 ne, kuma mai tafiyar ƙafa da kaya a ka ya san ba abin fita bayan azahar ba ne. Ka sanya zango, ka sanya rijiya, ka yanke ko damina ce ko hunturu, domin gulbin da ake ratsawa da ƙafa da rani sai da kwalekwale a watan Agusta.

Na uku shi ne inda na fi daɗewa, nan kuma yawancin littattafanmu ke rushewa: dokar abin al'ajabi. Zobe ne, ko laya, ko aljani mai hidima, ka rubuta a shafi ɗaya abin da yake iya yi, abin da ba ya iyawa, da abin da mai amfani da shi ke biya. Zoben jarumina da farko komai yana yi. Ya buɗe kurkuku, ya warkar da sara, ya kawo abinci. To mai karatu zai ji tsoron me, tunda ya san zobe na nan? Da na gyara, sai na bar masa aiki ɗaya, kiran ruwa, kuma duk kiran da ya yi sai ya manta sunan mutum ɗaya da yake ƙauna. Nan take kowane babi ya yi nauyi, don yanzu sai ya yi tunani kafin ya murza shi, kuma mai karatu na lissafin wa ya rage.

Ba sai ka je nesa neman misalin doka ba. Dubi bikin kamun kifi da ake yi a garin nan tun 1934. Dubban masunta na tsaye a bakin gulbin Matan Fada da homa da gora, ruwa na gabansu, amma ba mai faɗawa sai an ba da alama, kuma akwai Sarkin Ruwa da nasa hurumin. Wannan jiran shi ke sa zuciya bugawa. Duniyar littafinka ma tana son wanda ke hanawa, da abin da ke samun wanda ya ƙetare. Ni dai a nawa ra'ayin, labarin da ya nuna tsafi na cin mai shi ya fi gaskiya, ya kuma fi dacewa da tarbiyyarmu.

Na huɗu, amsa tambayar Gwaggo. Wa ke noma, wa ke ƙira, wa ke karɓar haraji? Idan ka ce birninka na da ganuwar dutse irin ta Surame, tsohon birnin da Kanta sarkin Kabi ya gina a ƙarni na 16, to akwai waɗanda suka ɗauko duwatsun da waɗanda suka ciyar da su. Ba sai ka rubuta duka ba. Maƙeri ɗaya da ke ƙorafin tsadar gawayi ya isa ya raya unguwa. Shafuka takwas ɗin nan na tarihin sarakuna da ka jibge a farko kuwa, cire su, ka rarraba abin da ake bukata a bakin maroƙa da tsofaffi.

Na biyar, taurari. Ka ba kowane babban tauraro rabin shafi: me yake so, me yake tsoro, me zai rasa in ya faɗi. In ka kasa cikewa, matsalar ke nan. 'Yar sarkin ruwa ta littafina kuka kawai take yi tana jiran ceto, sai na ba ta burin gadon sarautar mahaifinta alhali an ce mace ba ta gado, daga nan ta fara yanke shawara da kanta. Mugun boka ma ka nemo masa dalili, wata ƙila an ƙwace gonar ubansa. Sannan ka rufe sunaye da yatsa ka karanta hira. Idan ba ka gane mai magana ba, muryoyinsu ɗaya ne: bawa ba ya yi wa sarki magana babu "ranka ya daɗe", tsohuwa kuma tana da karin maganarta. Abokan jarumi uku da aikinsu ɗaya, haɗe su su zama mutum ɗaya.

Sai bayan duk wannan za ka taɓa jimloli da ƙa'idojin rubutu, don ba amfanin goge shafin da gobe za ka yage. Daga nan ka nemi mutum biyu da ba su san labarin ba, ka karanta musu da baki, ka sa alama duk inda suka ce "tsaya, ya aka yi haka?" Da na sake karanta wa Gwaggo babin farko, da ta ji 'yar sarkin ruwa na cinikin busasshen kifi a kasuwa, sai ta ajiye faifan ta ce in ci gaba zuwa na biyu.