Ziyarar Alhambra cikin ayari: abin da ya kamata a shirya tun daga Maradi

A birnin Giranada na kudancin Sifaniya, inda daular Musulunci ta ƙarshe a Andalus ta faɗi a 1492, agogo ke mulkin ziyara. Tikitin shiga Alhambra, tsohuwar fada da ganuwar sarakunan wannan daula, da sunan mutum ake fitar da shi, da lambar fasfonsa, kuma akwai sa'ar da aka rubuta ta shiga fadar sarakunan Banu Nasar. Wanda ya makara ba a buɗe masa, ko da jagora ya roƙa, kuɗin kuma ba su dawowa. Saboda haka tun a Maradi, lokacin da shugaban ayari ke tattara sunaye, kowa ya duba an rubuta nasa harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo. Mahamadou ba Mahamadu ba ne a wurin mai tsaron ƙofa. Ranar ziyara a riƙe fasfon ainihi, kada a baro shi a otal. A yi wa kamfanin tafiya tambaya ɗaya kafin a biya: tikitin ya haɗa da fadar Banu Nasar? Akwai mai rahusa wanda lambuna da ganuwa kaɗai yake kaiwa, kuma na fadar kan ƙare makonni kafin ranar.

Biza ta Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ga babba, tare da inshorar lafiya mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000. Yuro ɗaya sefa 656 ne, amma sefa ba ta canzuwa a can. A canza kafin a tashi.

Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Sifaniya na gaban namu da awa ɗaya, da sanyi kuma daidai suke. Nan ake yawan samun matsala: jagora ya ce ƙarfe takwas a bakin otal, mutum na kallon agogon hannunsa da ke kan lokacin Nijar. A gyara shi tun a filin jirgi.

Zagayen kan ci kamar awa uku, a ƙafa, bisa tudu, kan duwatsun da aka jera. Silifa da takalmi sau-ciki mai santsi ba su dace ba, a sa na wasanni wanda ƙafa ta saba da shi. Babbar jaka ba ta shiga, sai a ajiye ta a ma'aji, wannan kuma layi ne na daban da ke cin lokacin kowa. Dattijai da masu ciwon gwiwa su hau ƙananan motocin C30 ko C32 daga tsakiyar gari. Jagora kan raba ƴar na'urar saurare. In muryarsa ta fara yankewa, kun yi nisa da ayari ke nan.

A cikin fada a ɗaga kai. Rubutun da ya zagaye bango, "Wa la galiba illallah", taken gidan sarautar ne, duk wanda ya yi makarantar allo zai karanta shi ba da taimakon kowa ba. A farfajiyar zakuna, zaki 12 na marmara ke ɗauke da kwanon ruwa, aikin zamanin Sarki Muhammadu na Biyar. Adon bangon na farar ƙasa ne mai saurin lalacewa, ba a taɓawa, kuma masu gadi ba su wasa da wannan.

Jadawalin kamfani ba ya ware lokacin salla sai an nema tun farko. Babban masallacin Giranada, da aka buɗe a 2003, yana unguwar Albaisin, daura da Alhambra, kuma daga lambunsa ake ganin fadar gaba ɗayanta. Da bazara magariba kan kai tara da rabi na dare.

Wajen abinci, kalmomi biyu ne abin kiyayewa: jamón da cerdo, duka alade ne, kuma akan yanka shi ƙanana cikin miya ko ƙwai. Titin Calderería Nueva cike yake da shagunan shayi da abincin Maroko. Kusa da babban coci mata kan miƙa wa baƙo reshen ganye kamar kyauta, da an karɓa sai su kama hannu su nemi kuɗi. A ce "no, gracias" a wuce. Kowa ya sa katin otal a aljihu da lambar jagora, lambar gaggawa kuma 112 ce.