Yadda Ake Kallon Anime na Barkwanci a Kan Majalisar Ɗalibai

Kafin ka fara kallon irin wannan anime, wato katun na ƙasar Japan, ka san cewa a makarantun sakandare na Japan ɗalibai ne ke zaɓen shugabannin majalisarsu, kuma aikinta bai cika wuce shirya bukukuwa da raba kuɗi ga ƙungiyoyin ɗalibai ba. Masu shirya anime ne ke kambama ta har shugaba ya zama tamkar mai mulkin makaranta, kuma daga wannan zuzutawa dariya take fitowa.

Ka fara tantance muƙamai, wato shugaba da mataimaki da sakatare da ma'aji, sannan ka lura da wanda ke sakin shirme da wanda ke kwaɓe shi nan take, domin barkwancin Japan sau da yawa bibbiyu yake tafiya. Idan ma'aji ya kawo shawarar banza da fuska a murtuke, ka jira martanin sakatare, a nan daɗin yake.

Gara ka saurari muryoyin Japananci ka bi fassara a rubuce, kuma ka riƙa tsayar da hoto don karanta abin da ke kan allo. Kowane kashi yakan kai kusan minti 24. Ka duba ƙa'idar shekaru tukuna, saboda wasu na cike da zancen batsa.